Yadda ake sayen ɗan dukushin dokin jan kaya da renonsa har ya kai aiki

Wanda ya fara ganin ɗan dukushin dokin jan kaya mai wata shida yakan ruɗu. Tsayinsa ya kusa kamo na wani ƙaramin dokin hawa, ƙafafu kamar taɓare, ƙirji a buɗe, sai mutum ya ɗauka abin ya yi ƙwari. Alhali jariri ne da ƙashinsa bai gama ƙullewa ba, kuma ba zai gama ba sai ya shekara biyar ko shida. Na sayi irin waɗannan dukusai na rene su sau da yawa, kuma abin da ya fi cutar da mai farawa shi ne gaggawa: gaggawar saye, gaggawar ƙiba, gaggawar ɗaura masa kaya. Abin da kake biyan kuɗinsa ƙafafu ne da hali, kuma a shekara biyun farko ake gina su ko a lalata su.

Dawakan da nake magana a kai su ne irin su Shire da Suffolk Punch na Ingila, Clydesdale na Sikotilan, Percheron da Ardennes na Faransa, da Brabant na Beljiyam. Babbansu yakan kai kilo 700 zuwa 1,000. Wani Shire mai suna Sampson da aka haifa a 1846 ya kai mita 2.19 a kafaɗa. Naka ba zai kai haka ba, amma ka riƙe wannan girman a ranka yayin da kake auna ƙofar barga.

Abin da za ka tanada kafin ka je ciniki

- Barga mai faɗin mita 4 da tsawon mita 4 aƙalla, ƙofa mai faɗin kusan mita ɗaya da rabi, rufi mai tsawo, iska na shiga tana fita. Daɓen kada ya zama mai santsi.
- Fili mai shinge da tsayinsa ya kai mita ɗaya da rabi. Waya mai ƙaya ba ta da wuri a nan, domin dukushi ɗaya da ya firgita da dare zai yayyanka ƙafafunsa a kanta.
- Abokin zama: wani dukushi sa'ansa, ko tsohon doki fiɗiyayye mai sanyin hali. Idan babu, jaki mai haƙuri ya fi kaɗaici.
- Ragama ta fata, domin idan ta maƙale a wani abu takan tsinke, ta roba kuwa wuyan ne zai ji jiki. Ka sayi girma biyu, kansa na saurin girma. Sai igiyar auduga mai tsawon mita 3.
- Abin ƙwaƙule kofato, burushi mai tauri da mai laushi, ma'aunin zafin jiki, tef ɗin awo, sikelin auna abinci, da littafin rubutu.
- Busasshiyar ciyawa mai kyau wadda za ta kai wata uku, gishirin lasa, abincin da aka haɗa musamman don dukusai, da mazubin ruwa mai nauyi da ba zai kifar ba.
- Likitan dabbobi da mai gyaran kofato. Ka same su tun yanzu, ka tambayi mai gyaran kofaton ko yana karɓar manyan dawaki, domin da yawa ba sa so.

1. Zaɓi iri gwargwadon aikinka da yanayin ƙasarka

Idan gonarka mai laka ce ko kana inda damina ke daɗewa, ka nemi irin da ba shi da gashi mai yawa a ƙafa, kamar Percheron ko Suffolk Punch. Shire da Clydesdale suna da kyan gani da wannan gashin da ke rufe kofato, amma yana riƙe danshi, yana ɓoye ƙwari da miki. Idan ƙasarka mai zafi ce, ka sani jiki mai girma yana daɗewa bai huce ba, don haka matsakaici mai kilo 600 zuwa 700, ko ruwa biyu tsakanin dokin ja da na hawa, zai fi yi maka aiki fiye da ƙato. Kuma kafin ka shigo da doki daga wata ƙasa, ka tambayi likita cututtukan yankinka. Cutar dawaki ta Afirka, wadda ƙananan ƙudajen cizo ke yaɗawa, tana kashe mafi yawan dawakan da ba a yi musu rigakafinta ba.

2. Duba uwa da uba, sannan ɗan

Ka fara da goɗiyar. Ka ce a kama ta a gabanka, a ɗaga mata ƙafa huɗu. Dukushi yana koyon yadda zai ɗauki mutum daga uwarsa, kuma goɗiya mai harbi ko gudun mutane takan yaye ɗa mai irin halinta. Ka sa hannu cikin gashin ƙafarta ka shafa fatar. Idan ka ji ta yi kauri, ta yi ninki-ninki ko ƙulle-ƙulle, wannan ciwon kumburin ƙafa ne da ke damun Shire da Clydesdale da Brabant, ba ya warkewa, kuma yana bin dangi. Ka ce a ja da ita baya. Idan ƙafar baya ta ɗage tana karkarwa, wutsiya na rawa, wannan ma aibi ne da aka sani a manyan dawaki. Uban, idan ba ya nan, ka nemi ganin wasu 'ya'yansa.

Sannan ɗan. A tsayar da shi a ƙasa mai tauri wadda ta daidaita, ba cikin ciyawa ba. Ka tsuguna a gabansa daga nesa kaɗan: layin da ya sauko daga kafaɗa ya ratsa tsakiyar gwiwa ya ƙare a tsakiyar kofato. Gwiwoyin da suka haɗe ciki ko suka baje waje, kofaton da ya miƙe tsaye kamar gwangwani, dukushin da ke taka ƙasa da kan kofato, duk ka bar su. 'Yar karkatar kofatan gaba zuwa waje a dukushi ƙarami ba abin tsoro ba ce, takan daidaita idan ƙirji ya buɗe. Ka shafa kowace gaɓa, musamman gwiwar baya. Kumburi mai laushi kamar an cika ruwa, ko zafi a saman gaɓa, alama ce cewa an riga an ɗura masa hatsi fiye da kima.

Wannan shi ne tarkon da ya fi kama mai farawa. Dukushin da ya fi ƙiba da sheƙi a garken shi ne ido ke so, shi ne kuma na fi tsoro. Ni na fi son mai ɗan tsawo, mai ƙashi, wanda ba a ganin haƙarƙarinsa amma ana jinsa da yatsa.

Ka buɗe bakinsa ka ga haƙoran sama da na ƙasa sun haɗu. A nan za ka gane shekarunsa ma: haƙoran nono na tsakiya suna fitowa a makon farko, na kusa da su bayan kamar wata ɗaya da rabi, na gefe tsakanin wata shida da tara. Ka taɓa cibiya ko akwai kumburi, idan namiji ne ka duba maraina. Ido garau, hanci ba majina, ba tari, gindi ba alamar zawo. A sake shi ya yi tafiya, ya yi sassarfa, ya je ya dawo kana kallo.

3. Takardu, gwaji da lokacin ɗauka

Kada ka biya kuɗi sai likitanka ya duba shi, ba likitan mai sayarwa ba. Ka karɓi takardar asali da ta rigakafin uwa da ɗa, ka tambayi ko ya sha dakashi sosai a ranar haihuwa da kuma irin maganin tsutsar da aka ba shi. Akwai gwaji biyu na gado da ake yi da gashin geza ko jini. Na farko na ciwon tsoka ne da ake kira PSSM, wanda ya yawaita a Percheron da dawakan Beljiyam: jikin dokin yana tara sukari a tsoka, sai ya riƙa sandarewa a wurin aiki. Ana iya zama da shi idan an rage sitaci, amma gara ka sani tun farko. Na biyu, JEB, ya shafi mai niyyar kiwon haihuwa da dawakan Beljiyam: idan uwa da uba duk suna ɗauke da shi, ana iya haifar ɗan da fatarsa ke saɓulewa, ba ya rayuwa.

Ka ɗauki dukushi yana wata biyar zuwa shida, bayan an yaye shi da aƙalla mako biyu, yana cin ciyawa da abinci da kansa. Raba shi da uwa da loda shi a mota a rana ɗaya wahala biyu ce a haɗe, kuma ciwon huhu da gyambon ciki sukan biyo baya. Idan dole ta sa ka karɓi maraya ɗan wata ɗaya ko biyu, ka nemi madarar gari ta dukusai. Idan babu, nonon akuya ya fi na saniya dacewa da cikinsa. A ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, dare da rana, a bokiti, domin marayan da aka saba masa da kwalba yakan raina mutane.

4. Tafiya da mako ukun farko

Dukushin da bai saba da ɗauri ba, a bar shi a sake cikin motar, da shimfiɗa mai kauri, ba wata kafa da ƙafarsa za ta shiga. Yana buƙatar ya iya sunkuyar da kai don hancinsa ya tsiyaye. A tsaya duk bayan awa huɗu a ba shi ruwa. Ka karɓo buhu ɗaya na abincin da ya saba da shi da ɗaurin ciyawar can.

Idan kana da wasu dawaki, ka ware shi mako uku inda zai gan su amma hanci ba zai taɓa hanci ba, bokitinsa daban. Ka auna zafin jikinsa safe da yamma. Tsakanin digiri 37.5 da 38.5 daidai ne, idan ya kai 39 ka kira likita a ranar. Kumburi a ƙarƙashin muƙamuƙi da majina mai kauri cuta ce mai saurin yaɗuwa. Canjin abinci kuma a yi shi a hankali cikin kwana 10 zuwa 14.

5. Ciyarwa

A wata shida dukushi ya kai kusan kashi 80 cikin 100 na tsayinsa, amma nauyinsa bai kai rabi ba. Girman da zai yi yana cikin jininsa, hatsi ba zai ƙara masa ko taƙi ɗaya ba. Abin da hatsi mai yawa ke yi shi ne ya ɗora nama a kan guringuntsin da bai zama ƙashi ba, sai guringuntsin gaɓa ya tsage, ko jijiya ta ɗaure, ko gwiwa ta kumbura. Na taɓa yin wannan kuskuren da dukushina na biyu. Ina ganin yana cika ina murna, ina ƙara masa mudu. Yana wata goma gwiwarsa ta baya ta cika da ruwa, kuma duk da magani bai taɓa jan kaya mai nauyi ba. Har yau ina jin ciwon abin, domin shi bai yi laifin komai ba, abin da na zuba masa ya ci.

Ga yadda nake yi. Abincinsa na yini ya kai kashi 2 zuwa 2.5 cikin 100 na nauyinsa, mafi yawa ciyawa. Dukushi mai kilo 300 zai ci kilo 6 zuwa 7 da rabi ke nan. Cikin wannan, abincin buhu, wato wanda aka haɗa don dukusai, ba na bari ya wuce kilo 2, kuma ina raba shi uku, domin tumbin doki ƙarami ne. Ka zaɓi mai furotin kashi 14 zuwa 16, wanda aka sa wa sinadaran kalsiyam, fosfaras, tagulla da zinki daidai da buƙatar mai girma. Ka auna da sikeli, gwangwani yana yaudara. Ciyawar ka gauraya ta da harawa ko alfalfa kamar kashi ɗaya cikin uku, saboda furotin da kalsiyam.

Idan ba a samun abincin dukusai inda kake, ka dogara da ciyawa da harawa mai kyau, ka ƙara ɗan garin waken soya da aka sarrafa, da garin sinadaran dawaki daga wurin likita. Kada ka cike gurbin da dusa. Dusa tana da fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan, alhali ana son kalsiyam ya kusa ninka fosfaras. Dukushin da aka rena da dusa zalla jikinsa yakan zari kalsiyam daga ƙashi, har fuska ta kumbura, ƙafafu su yi rauni.

Abu uku kuma suna kisa. Abincin shanu ko na kaji mai ɗauke da maganin Monensin, ko kaɗan ne, yana lalata zuciyar doki. Masarar da ta yi funfuna tana taɓa ƙwaƙwalwa. Ciyawar da ta ruɓe a ɗauri kuma kada ka ce za ka zaɓe mai kyau daga ciki, ka zubar.

Ruwa mai tsabta ya kasance a gabansa kullum. Doki yana shan kusan lita 5 a kan kowane kilo 100 na nauyinsa a yini, fiye da haka in ana zafi. Duk mako biyu ka zagaya tef a ƙirjinsa daidai bayan ƙafafun gaba, ka auna tsayinsa, ka rubuta. Abin da kake nema ƙari ne a hankali ba yankewa. Idan ka ga awon ya yi tsalle, ko gaɓa ta ɗumama, ka rage abincin buhu, amma ka ci gaba da ba shi sinadaran.

Kuma ka sake shi. Ƙashi yana ƙwari ne da gudu da wasa. Dukushin da ke yini a barga ko a turke, komai kyan abincinsa, ba zai yi ƙafafun aiki ba.

6. Kofato da gashin ƙafa

A gyara kofato duk mako huɗu zuwa shida a shekarar farko. 'Yar karkata ana iya daidaita ta da wuƙar mai gyara tun yana ƙarami, bayan shekara ɗaya kuwa yadda ƙafa ta tsaya haka za ta zauna. Ka ƙwaƙule kofaton kullum, ka sansana: wari da baƙin ruwa a tsagin tsakiya ruɓa ce daga tsayuwa cikin fitsari. Mai gashin ƙafa idan ka ga yana buga ƙasa ko yana goga ƙafa da ƙafa, ƙananan ƙwari ne a fatar, a yi magani da wuri. Idan ka wanke ƙafar ka busar da ita har fata.

7. Tsutsar ciki da rigakafi

Babbar matsalar dukushi doguwar farar tsutsar hanji ce, kuma a wurare da yawa Ivermectin ya daina kashe ta, shi ya sa likitoci ke ba da Fenbendazole ga ƙanana. Ka kai kashinsa a duba a san abin da ke ciki. Idan ka sayo mai ƙaton ciki da busasshen gashi, kada ka ɗura masa magani da kanka, domin tsutsotsin da suka mutu lokaci ɗaya suna iya toshe hanji. Kwashe kashi daga filin sau biyu a mako ya fi rabin magani. Allurar tetanas, wato ciwon sarƙewar haƙora, ba a wasa da ita a doki. Ɗan goɗiyar da aka yi wa rigakafi akan fara masa tsakanin wata huɗu da shida, sai a maimaita. Sauran alluran likita zai tsara gwargwadon yankinka.

8. Horon hannu

Duk abin da ba za ka yarda doki mai kilo 900 ya yi maka ba, kada ka yarda dukushi ya yi maka yau. Goga kai a jikinka, kama rigarka da leɓe, tura ka da kafaɗa a bakin ƙofa, yanzu abin sha'awa ne, bayan shekara biyu karaya ce. Kada ka ba shi abinci a tafin hannu. Idan ya matso cikin jikinka ka mayar da shi baya nan take, cikin daƙiƙa biyu ko uku, ba da fushi ba. Bulala bayan an gama laifi tsoro kawai take koya masa, kuma waɗannan dawakan masu sanyin rai ne, ba sa buƙatarta.

Minti goma zuwa sha biyar a yini sun isa. Ka fara da shafa shi ko'ina: kunne, baki, ciki, ƙarƙashin wutsiya. Sai ragama. Wajen koya masa bin igiya kada ka ja kansa da ƙarfi, wuyansa bai yi ƙwari ba. Ka zagaya wata igiya mai laushi ta bayan cinyoyinsa, ka ɗan matsa, da zarar ya yi taku ɗaya ka saki. Sakin nan shi ne darasin. Haka za ka koya masa tsayawa, ja da baya, da matsawa gefe, kowanne da kalma ɗaya da ba ta canzawa, domin da murya za ka tuƙa shi nan gaba. Ɗauri a turke ya zo daga ƙarshe, bayan ya iya sakin wuya idan ya ji an ja, da ƙullin da ake warwarewa da fizga ɗaya, kana tsaye kusa.

Ɗaga ƙafa shi ne darasin da ya fi kowanne. Kullum ƙafa huɗu, ka riƙe daƙiƙa kaɗan, ka ajiye da kanka kafin ya ƙwace, kana ƙara lokaci. Kada ka bar shi ya jingina nauyinsa a kanka. Babban dokin ja da bai iya ba da ƙafa ba, sai an sa shi a cikin katakon ɗauri ko an yi masa allurar barci kafin a taɓa kofatonsa.

9. Fiɗiya

Namiji yana iya yi wa goɗiya ciki tun yana kusan shekara ɗaya, don haka ka raba su kafin nan. Idan ba ingarman haihuwa kake so ba, a fiɗiye shi tsakanin wata shida da sha takwas, lokacin da ƙuda suka yi sauƙi, bayan allurar tetanas. Aikin likita ne, kuma ka roƙe shi ya ɗaure hanyar da zare, domin a manyan dawaki hanji ya fi saurin zurarowa ta wurin yankan.

10. Shiga aiki

A shekara biyu ka fara sa masa linzami mai laushi da kayan ja ba tare da kaya ba, kana tafe a bayansa da dogayen igiyoyi biyu, kana juya shi dama da hagu. Ya saba da ƙarar sarƙa da taɓawar igiya a cinya. Sannan ya ja ƙaramin gungume ko tsohuwar taya, da mutum na biyu riƙe da igiyar da zai iya saki idan ya firgita. Idan kana da tsohon dokin aiki, ka haɗa su, zai koya masa abin da kai ba za ka iya ba. A shekara uku aiki mara nauyi, awa ɗaya ko biyu. Daga shekara biyu da rabi yana famfarar haƙoran gaba, har zuwa huɗu da rabi, don haka idan ya fara ƙin linzami ka duba bakin kafin ka zarge shi. Cikakken aikin garma ko amalanke mai lodi sai shekara huɗu zuwa biyar, domin ƙashin baya shi ne na ƙarshen ƙullewa. Ko a lokacin, ƙarfin jan da doki ke iya jurewa yini guda kusan kashi ɗaya ne cikin goma na nauyinsa.

Kwalar da yake ja da ita, wato zoben da ake zura masa a wuya, ta zauna a kan kafaɗa, tafin hannunka na shiga tsakaninta da maƙogwaro, yatsu na shiga ta gefe. Wuyansa zai ci gaba da canzawa, don haka ka sake gwada ta duk bayan 'yan watanni. A makon farko na aiki ka tsaya duk minti ashirin, ka ɗaga kwalar, ka share gumi, ka shafa kafaɗar. Inda gashi ya murɗe ko fata ta yi zafi, nan miki zai fito gobe, sai ka kwance shi ka gyara kwalar kafin ya sake ja.